Matsirgar Timia: Abubuwan Ban Mamaki 20 Game da Ruwan da Ke Zubowa a Tsakiyar Hamada

Idan aka ambaci Agadez, abin da ke fara faɗowa a ran yawancinmu shi ne rairayi, da raƙuma, da doguwar hasumiyar nan ta ƙasa mai tsawon mita 27. Ba a cika kawo ruwa a lissafi ba, balle lemo da rumman. Alhali kuwa a cikin duwatsun Azbin, arewa maso gabas da birnin, akwai wani gari da ake kira Timia, inda mutum zai ɗan taka da ƙafa a gefen garake, ya iske ruwa yana zubowa daga kan baƙin dutse zuwa cikin tafki. Ga wasu abubuwa a taƙaice game da wannan matsirga, da hanyarta, da ƙasar da ta haife ta.

1. Tafiyar ƙafa gajera ce, ta mota ce mai wuya

Tsakanin garin Timia da matsirgar bai wuce kilomita 3 ba, tafiyar da mai matsakaicin ƙarfi zai yi cikin ƙasa da awa ɗaya. Aikin yana wajen isa garin. Daga Agadez zuwa Timia kimanin kilomita 220 ne, ta Dabaga da El Meki, kuma mafi yawan hanyar ba kwalta: tsakuwa ce, da hawa da gangara, da ratsa busassun ƙoramu inda taya ke nutsewa. Mota mai ƙarfi takan cinye kusan wuni guda a kanta. Nisan da direba zai shanye cikin awa uku a kan titi mai kyau, a nan sai ya yi sallar azahar da la'asar a hanya.

2. Kurmin da ke wurin da hannu aka dasa shi

Wanda ya saba da kurmin kudu, mai duhu da laima, kada ya zo da wannan tsammani. Inuwar da ke raka mai tafiya a kwarin Timia yawancinta gumin mutane ce. Dogayen itatuwan dabino ne a sama, a ƙarƙashinsu itatuwan lemo da rumman da ɓaure, can ƙasa kuma fangalin alkama, masara, albasa da tumatir. Kowane hawa yana kare na ƙasa da shi daga zafin rana da busasshiyar iska. A bakin ƙorama ne ake samun waɗanda suka tsiro da kansu: gawo, aduwa, goruba, magarya da tumfafiya. Da ka ɗaga kai sama da wannan koren zare, babu komai sai dutse tsirara.

3. Matsirgar tana da lokacinta

Ruwan Timia ba ya zuba da ƙarfi ɗaya duk shekara. Damina a Azbin gajera ce, daga Yuli zuwa Satumba, kuma abin da birnin Agadez ke samu a shekara bai kai milimita 200 ba, wato ruwan da Kano kan samu cikin 'yan makonni a tsakiyar Agusta. Idan hadari ya sauke a kan duwatsu, dutse ba ya shan ruwa, don haka duk abin da ya zubo sai ya taru ya yi ƙorama ɗaya, ya faɗo ta kan matsirgar da ruri, ja wur da laka. Bayan damina ruwan yakan yi garau, ya riƙa raguwa har ya koma siriri. Mai son ganin ƙarfinsa ya zo ƙarshen damina, mai son iska mai daɗi ya zo da sanyi.

4. Tafkin da rana ta kasa shanyewa

A gindin matsirgar akwai kwarmin dutse mai riƙe ruwa, irin wanda Abzinawa ke kira agelmam. A ƙasar da rana ke iya busar da ruwan da ya ninka na damina sau da yawa, yaya aka yi wannan tafki yake daɗewa? Dalili uku ne. Ƙasansa dutse ne, ruwa ba ya tsiyayewa. Bangon dutsen da ya kewaye shi yana tare rana da iska a mafi yawan wuni. Sannan ruwan da ya maƙale a tsagogin duwatsu yana ci gaba da ɗigowa a hankali bayan sama ta ɗauke. Irin waɗannan tafkuna suna warwatse a Azbin, kuma saboda muhimmancinsu ga tsuntsaye da namun daji, a 2005 aka sa su, tare da dausayin yankin, cikin jerin wuraren ruwa na duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

5. Babban kogin yana ƙarƙashin rairayi

Wannan shi ne sirrin Timia gaba ɗaya. Ruwan da ido ke gani yana faɗowa kaɗan ne a kan wanda ido ba ya gani. Duk lokacin da ƙorama ta kawo, wani kaso mai yawa yana nutsewa cikin yashi da tsakuwar da suka cika kwarin, ya zauna a kan dutsen da ke ƙasa, inda rana ba ta kai masa. Ƙorama za ta bushe ƙayau, yara su yi wasa a cikinta, amma wanda ya haƙa rijiya a gefenta zai tarar da ruwa a 'yan gabobi kaɗan. Bahaushe ya ce ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba. Gudun kwana kaɗan da ƙorama ta yi a Agusta, shi ne ke shayar da garka har watan Mayu. Idan damina ta gaza shekara biyu a jere, rijiyoyi su ja baya, itatuwan da aka yi shekaru ana reno su fara bushewa daga sama.

6. Raƙumi ne injin ban-ruwa

Kafin injin mai shan fetur da na hasken rana su shigo, kuma har yau a wasu garake, dabba ce ke jan ruwa. Ana kafa itatuwa a bakin rijiya, a ɗora wata ƙaramar ƙafar itace mai juyawa, wadda sunanta, tekarkart, ya zama sunan na'urar duka. Gugar fata babba ce mai dogon baki, da igiya biyu. Ta sama tana ɗaga gugar, ta ƙasa tana riƙe bakin a lanƙwashe don kada ruwa ya zube. Yaro yana jan raƙumi ko sa, yana nisantar rijiya, idan guga ta iso sama sai bakin ya miƙe da kansa, ruwa ya tuttule cikin kututturen da aka fafe, ya bi magudana zuwa fangali. Dabba ta juyo, guga ta koma. Babu wanda ya taɓa gugar da hannu.

7. Lemon hamada har Yamai

Timia tana sama da mita 1,000 daga doron teku, kuma sanyin dare da zafin rana na irin wannan tudu suna yi wa itacen lemo daɗi. A watannin Disamba zuwa Fabrairu ake tsinkar lemon zaƙi, da tanjarin, da babban lemon nan mai ɗan ɗaci, a loda a manyan motoci zuwa Agadez da Arlit, wasu har Yamai, inda manoman jihar Agadez kan baje kolin amfanin garakensu lokacin sanyi. Akwai inabi ma, da rumman. Daga Tabelot da kewayen dutsen Bagzam kuwa albasa, tafarnuwa da dankalin turawa ke fitowa. Ba mamaki matar da ke yanka albasa a Maraɗi ko a wata kasuwar Najeriya, albasar hamada ce a hannunta ba ta sani ba.

8. A hamada ma ruwa yana cin mutum

Duk ja-gorar da ya san aikinsa ba ya barin baƙo ya kwana a cikin ƙorama lokacin damina, komai laushin yashinta. Sama tana iya zama tas a inda kake, alhali an sheƙa ruwa a wani dutse mai nisan kilomita hamsin. Sai dai a ji ruri daga nesa, kafin a tattara kaya ruwa ya iso da itatuwa da duwatsu a bakinsa. Mutanen Agadez ba za su manta da farkon Satumba na 2009 ba, lokacin da ƙoramar Telwa, wadda ita ce ke ciyar da rijiyoyin birnin, ta yi ambaliya ta rushe dubban gidajen ƙasa. Abin da ke rayar da gari shi ne kuma abin da ake kwana da tsoronsa.

9. Gawo yana yin nasa daban

A kan hanyar matsirga, a duba gawo. Lokacin da kowane itace ke yin kore da damina, shi zubar da ganyensa yake yi, ya tsaya fari fat. Idan rani ya shigo, komai ya bushe, sai ya yi lif da ganye, ya zubo 'ya'yan da awaki da raƙuma ke rububi. Saiwarsa mai zurfi ce ke ba shi wannan dama, don tana kai wa ga ruwan ƙasa. Manomin Katsina da na Damagaram sun san amfaninsa, domin gero ya fi kyau a gindinsa. A Azbin kuwa yana da ƙarin aiki: duk inda aka hango jerin manyan gawo, akwai ruwa a ƙarƙashi.

10. Zaitun da birai da hamada ta ritsa da su

A ƙwanƙolin wasu duwatsun Azbin akwai wani nau'in zaitun na daji da masana suka laƙaba wa sunan Laperrine, ɗan'uwan wanda ake nomawa a bakin tekun Bahar Rum. Ragowar zamanin da yankin ke da laima ne. Ƙasa ta bushe ta kewaye shi, ya tsira a kan tudu, kuma yawanci ta saiwa yake sake tohowa, ba ta iri ba. Haka nan an samu jan biri da bika a wasu kwaruruwan Azbin, nesa ƙwarai da danginsu na kudu. A kan duwatsu akwai ragon dutse mai gemu har ƙirji, a fili kuma barewa, wadda kan daɗe ba ta sha ruwa ba, tana wadatuwa da danshin ganye.

11. Duwatsun Azbin da na Jos 'yan gida ɗaya ne

Masana duwatsu sun gano cewa akwai wani jerin duwatsu masu siffar zobe da ya taso daga Azbin, ya ratsa Damagaram, ya bi ta Riruwai a kudancin Kano, ya kai tudun Jos. Dukkansu tushen tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta. Na arewa su ne manya a shekaru, sun haura miliyan 400, ana gangarowa kudu suna ƙara ƙuruciya har a iso na Jos, waɗanda ba su kai miliyan 200 ba. Shi ya sa kuzar da ta tara mutane a Jos da Riruwai ita ce ta kafa El Meki, garin da ake ratsawa a hanyar Timia. A Azbin ɗin ne kuma ake da zoben dutsen Meugueur-Meugueur, mai faɗin kimanin kilomita 65, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, wanda sai daga sararin sama ake ganin kewayensa sosai.

12. Rufin Nijar yana maƙwabtaka

Kudu da Timia dutsen Bagzam yake, kuma ƙololuwarsa, Idoukal-n-Taghès, mai tsayin mita 2,022, ita ce wuri mafi tudu a duk faɗin Nijar. A saman dutsen akwai fili mai faɗi da ƙauyuka da garake da idanun ruwa, kuma an daɗe ana hawa da sauka da jakuna ta ƙananan hanyoyi masu tsini. Da hunturu sanyi kan tsananta har ruwan da ya kwana a waje ya yi ƙanƙara. A wani wuri da ake kira Tagalagal a kan wannan dutse aka tono ɓaraguzan tukwanen da suka haura shekara 9,000, suna cikin tsofaffin tukwanen da aka sani a Afirka.

13. Raƙuman dawa a jikin dutse

A Dabous, tsakanin Agadez da Arlit, akwai sassaƙen raƙuman dawa biyu a kan wani falalen dutse. Babban ya kai mita 5.4, an fitar da kowane tabo na jikinsa, kuma ana ƙiyasta shekarunsa da dubu shida zuwa takwas. Masanin Faransa Christian Dupuy ne ya sanar da duniyar ilimi labarinsu a 1987. Wanda ya sassaƙa su ya ga dabbar da idonsa, a ƙasar da yau ba ta da ciyawar da za ta riƙe ta. Masu rai da suka rage a Afirka ta Yamma duka a Nijar suke, yawancinsu a yankin Kure kusa da Yamai. Sun ragu har 49 a 1996, kulawa ta sa suka haura 600, kuma a 2018 aka kai takwas gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

14. Masunta a Tenere

A shekarar 2000, ayarin masana ƙarƙashin Paul Sereno na Jami'ar Chicago suna neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, sai suka faɗa kan maƙabarta a Gobero, cikin hamadar Tenere. Kaburbura ne kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe tun dubban shekaru. An samu mashin kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa, dorina da kada. A wani kabari, mace ce da yara biyu rungume da juna, kuma binciken ƙasar ya nuna an shimfiɗa musu furanni. A Gadoufaoua kuwa, abin ya fi haka nisa: an tono wani kada da ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, mai tsawon da ya haura mita 9, da wata dabba mai cin ciyawa da haƙora sama da 500, wadda aka sa wa sunan ƙasar, Nigersaurus. Matsirgar Timia ɗan abin da ya saura ne daga wannan duniya ta ruwa.

15. Kogin da ya mutu ya bar gadonsa

Ƙoramun da ke gangarowa ta yammacin Azbin a yau suna ɓacewa ne a filin Irhazer. A zamanin laima ba a nan suke tsayawa ba. Suna haɗuwa su zama babban kogi, ya ratsa Azawak, ya bi kwarin da yanzu ake kira Dallol Bosso, ya zuba a kogin Kwara kusa da iyakar Benin. Kwarin yana nan da faɗinsa, ruwansa yana kusa da ƙasa, kuma jama'a da yawa suna noma a cikinsa.

16. Garin madugai

Mutanen Timia, waɗanda yawancinsu Abzinawan Kel Ewey ne, sun yi suna da ayarin gishiri. Wajen watan Oktoba ake ɗaura wa raƙuma kaya, har da ciyawar da za su ci, domin a Tenere babu ko tsinke. Madugu yana gaba, yana karanta taurari da launin rairayi, har a isa Fashi da Bilma, tafiyar ɗaruruwan kilomita. A can a ba da gero a karɓi kantun gishiri da dabino. A dawo gida a huta, sannan a nufi kudu, Damargu da Damagaram har ƙasar Kano, a sayar da gishiri, a sayi gero da turkuɗin Kura, wanda ake naɗa rawani da shi. Rahotannin farkon ƙarni na 20 sun ambaci ayari mai raƙuma 10,000 zuwa 20,000. Manyan motoci sun rage wannan sana'a ƙwarai, amma ba su kashe ta ba. Guzurin hanya shi ne gero da aka daka da dabino da cuku, a dama da ruwa, ɗan'uwan furarmu.

17. Gida na mace ne

Tunda maza kan yi watanni a hanya, mata ne ke riƙe da gari da garken awaki. Su ke kiwo a kwaruruwa, su tatsa, su yi cuku. A al'adar Kel Ewey ɗaki na mace ne, ango ne ke tarewa a wajen dangin amarya. Namiji ne ke rufe fuska da rawani, musamman a gaban surukai da manya. Ranar biki kuma turmin daka ne ake ɗaure wa fata ya zama gangar tende, mata su zauna suna kiɗa, mahaya su riƙa kewaya su da raƙuma cikin ado. A cikin shahararrun kayan adon azurfa 21 na Nijar, waɗanda na Agadez ya fi suna, akwai wanda ke ɗauke da sunan Timia.

18. Ganuwa a kan tudu, kufai a kan hanya

A saman wani tudu da ke kallon garin akwai ƙaramar ganuwa da Faransawa suka gina a shekarun 1950, mai ɗauke da sunan hafsansu Jacques Massu. Daga can ake ganin kwarin gaba ɗaya. Arewa da Timia, a hanyar Iferwan, kufan Asode ne, tsohon babban birnin Azbin, inda bangon gidaje da na babban masallaci ke tsaye babu kowa. Tun a 1850 matafiyi Heinrich Barth ya ji cewa garin ya riga ya ja baya. Abin da ya rage ya watse a zamanin yaƙin Kawsan, wanda ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadez daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Ramuwar gayyar da ta biyo baya ta kwashe mutanen Azbin da dabbobinsu, da yawa suka yi hijira zuwa kudu.

19. Azbin ba baƙuwar Bahaushe ba ce

Tarihin baka na Gobirawa ya ce a Azbin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu, su kafa Birnin Lalle, daga baya Alƙalawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je Agadez neman ilimi wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Barth, wanda ya shiga birnin a watan Oktoba 1850 da sunan Abdulkarim, ya lura cewa Kel Ewey suna jin Hausa ƙwarai, kuma tare da ayarinsu na gishiri ya gangara kudu, ya isa Kano a farkon 1851. Har gobe Hausa ce harshen kasuwa a Agadez, birnin da UNESCO ta sa tsohon cikinsa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Bakano ko Basakkwacen da ya sauka a can ba ya neman tafinta.

20. Gandun da ya daɗe a jerin haɗari

Arewa da gabashin Timia ne babban gandun Azbin da Tenere ya shimfiɗu, mai faɗin murabba'in kilomita 77,360, kusan ninki huɗu na jihar Kano. An kafa shi a 1988, UNESCO ta amince da shi a 1991, shekara ɗaya bayan haka ta sa shi a jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke. An yi sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, wani rikicin ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009, sannan satar ma'aikata a Arlit a 2010 ta sa baƙi suka ɗauke ƙafa. Farauta da mota ta ƙarar da jiminar daji a yankin. Kudu maso gabas da nan, a tsakiyar Tenere, an yi wata ƙaya guda da ta tsaya ita kaɗai, ba wani itace a kusa da ita, saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. Mota ce ta buge ta a 1973. Gawarta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Abin da hamada ta ƙyale shekaru aru-aru, ganganci ya gama da shi a rana ɗaya.

Ga mai niyyar zuwa

Kafin a ɗaura kaya, a tambayi hukuma da mutanen yankin halin da hanya ke ciki, a bi abin da suka ce. A ɗauki ja-gora ɗan gari, a biya shi haƙƙinsa, domin da yawa daga masu wannan sana'a sun yi shekaru babu aiki. A fita da sassafe, da takalmi mai riƙe dutse da ruwan sha. Kada a sa sabulu a tafkin, kada a bar leda ko gwangwani, saboda dabbobi da makiyaya daga nan suke sha. Kowace garka da mai ita: a yi sallama, a sayi lemo, kada a tsinka. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman mata.

Wanda kuma Agadez ta yi masa nisa, akwai na kusa da gida: Matsirga a Kafanchan, Gurara a jihar Neja, Farin Ruwa a jihar Nasarawa, da Zainabi a duwatsun Riruwai. Dukkansu suna buƙatar abin da Timia ke buƙata, wato hanya mai kyau, zaman lafiya, da baƙin da suka san darajar wuri. Kira ga hukumomin Nijar da masu hannu da shuni shi ne a taimaka wa manoman Azbin da ƙananan shingayen da ke rage gudun ƙorama don ruwa ya nutse, a kuma sa ido kan yawan injinan da ke zuƙar rijiyoyi fiye da abin da damina ke mayarwa. Mu kuma masu karatu, mu koya wa 'ya'yanmu cewa arewacinmu ba rairayi kaɗai ba ne. Akwai mutane a can da suka mai da ruwan 'yan kwanaki abincin shekara, kuma sun cancanci a san su, a ziyarce su, a sayi amfanin gonarsu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.